Wanda Giya Ba Ta Saurin Bugarwa Ya Fi Kowa Shiga Haɗari

A majalisar mashaya, wanda ya shanye kwalba biyar bai yi tangaɗi ba shi ake yi wa kirari. Ga likitoci kuwa, shi ne wanda ya kamata a fi jiye wa tsoro.

Tun 1978 Farfesa Marc Schuckit na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a Amurka ya fara bibiyar samari 453, kusan rabinsu 'ya'yan mashaya. An shayar da kowannensu giya daidai da nauyin jikinsa, aka auna jiri da tangaɗinsa. Bayan kimanin shekara goma aka sake nemo su. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cewa cikin 'ya'yan mashayan da giyar ba ta girgiza sosai ba, kashi 56 cikin ɗari sun kamu da jarabar sha. Cikin waɗanda ta buga da wuri kuwa, kashi 14 ne kawai.

Dalilin a fili yake. Jiri, tashin zuciya da barci su ne hanyar da jiki ke cewa ya isa. Wanda jikinsa bai faɗa masa haka da wuri ba sai ya ƙara kwalba, ya nemi abokan da ke sha irin nasa. Sannu a hankali jikin ya saba, abin da ke bugar da shi bara ya daina isarsa bana. Sabo turken wawa. Ita kuwa hanta duk abin da aka zuba sai ta sarrafa shi, ko mai ita ya bugu ko bai bugu ba.

Farfesa Andrea King ta Jami'ar Chicago ta ƙara wani haske: waɗanda giya ke sa wa nishaɗi da kwaɗayin ƙari tun farko su ne suka fi faɗawa jaraba bayan shekaru, kuma kwaɗayin bai ragu ba.

A gabashin Asiya akasin haka ake gani. Kusan mutum ɗaya cikin uku a Sin, Japan da Koriya ya gaji rauni a sinadarin ALDH2 da jiki ke sarrafa giya da shi, don haka da ya kurɓa fuskarsa ke yin ja, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Wannan wahala tana hana da yawansu zama mashaya, amma wanda ya dage yana sha ya fi fuskantar sankarar maƙoshi.

Gado dai ba hukunci ba ne. Saurayin da ya san mahaifinsa mashayi ne, ko ya lura giya ba ta kama shi, ya samu gargaɗi tun da sauran lokaci. Haƙƙi ne a kan iyaye, malamai da ma'aikatan lafiya su faɗa masa ma'anar wannan alama kafin abokai su mayar masa da ita abin alfahari.