Mai Haɗa Kwamfuta da Aikin Cikin Akwati

Mutumin Rido, can gefen matatar mai ta Kaduna a ƙaramar hukumar Chikun, in ya ƙudiri mallakar kwamfutar tebur, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya sayi ta gwanjo, irin HP da Dell ɗin da ofisoshin Turai da Amurka suka gama yayinsu aka yo lodinsu zuwa Legas, ko kuma ya tsinto kayanta ɗaya bayan ɗaya a haɗa masa. Kowacce ya zaɓa, sai ya bi titin Kachia ya ratsa Sabon Tasha, ya haye gada zuwa shagunan da ke kewayen titin Ahmadu Bello, inda ake sauke kayan da aka saro daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Ƙarshenta dai a hannun mai haɗi za ta kwana.

Masu nema sun ƙaru tun 2015, shekarar da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ga masu shagon buga takardu, ga masu tace bidiyon biki, ga makarantun kuɗi. Irin waɗannan sun fi son ta tebur, don in abu ɗaya ya mutu a cikinta, shi kaɗai za a cire a sa wani.

Yaron da ya zo koyon wannan sana'a yakan ɗauka cewa gwaninta tana wajen ɗora furosesa da ram a kan madabod, wato babban allon da ke cikin akwati. Wannan kuwa aikin minti kaɗan ne, domin kowanne da alamarsa. Ram ɗin DDR3 ba zai shiga gurbin DDR4 ba, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. Inda ake gane hannu shi ne wajen wayoyi. Tun 1995 kamfanin Intel ya fitar da tsarin ATX, wanda har yau shi ake bi, shi ya sa fawa-fak, wato na'urar rarraba wuta, na wani kamfani ke iya ciyar da madabod ɗin wani. Babbar waya mai baki 24 ita ce ke kai wuta ga allon duka, kuma sai an ji ƙas ɗin ƙugiyarta sannan ta zauna. Akwai kuma wata mai baki takwas, wani lokaci huɗu, da ake sakawa can saman allo kusa da furosesa. Ita ce sabon shiga ya fi mantawa. Sai ya danna makunni, ya ga allon kallo baƙi ƙirin, hankalinsa ya tashi yana zaton ya ƙona kayan mutane.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne wayar furosesa da ta katin hoto sun yi kama ƙwarai, amma jerin wutarsu ya saɓa. An yi bakinsu yadda ɗaya ba za ta shiga gurbin ɗaya ba, sai dai mai ƙarfin hannu yana iya tura ta dole. Nan ne za ka ji maigida ya ɗaga murya daga inda yake zaune: "Kai yaro, abin da bai shiga da lalama ba, ba wurinsa ba ne. Zare ka sake dubawa." Yaro ya ce, "To, Oga," ya zare. Ni a ganina rabin sana'ar na cikin wannan umarni.

Sai ƙananan wayoyin gaban akwati, na makunni da na fitilu, siraran da sai da haske mai kyau ake karanta rubutun jikinsu. Ta makunni ko ta wane gefe aka juya ta za ta yi aiki; ta fitila kuwa in an juya ta ba za ta kama ba. Mai haɗin kirki ba ya jin kunyar buɗe littafin madabod a wannan gaɓa, ko da ya shekara goma yana aikin. Da yawa daga Dell da HP na ofis ma ba sa bin tsarin ATX sau da ƙafa, bakin wayar wutarsu nasu ne na kansu, don haka wanda ya ce zai sa musu kowane fawa-fak ba tare da mahaɗi na musamman ba, asara zai jawo.

Garinmu yana da nasa sharuɗɗan da littafin kamfani bai san da su ba. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, kuma wasu tsofaffin fawa-fak suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. In kaya ya iso yana kan 115 aka jona shi haka, ƙara ɗaya za a ji sai ƙauri. Ga wutar NEPA da ke zuwa da ƙarfi ta koma da rauni, ga janareta. Saboda haka nake ganin babu rowa mafi muni kamar ta fawa-fak: mutum ya zuba kuɗi a katin hoto, sannan ya sayi mai ciyar da shi na araha, ya ƙi sayen sitabilaiza ko UPS. Ƙurar hunturu kuma ita ce dalilin ɗaure wayoyi a kwantar da su bayan allo. Wayar da aka bari tana lilo takan tare iska, ta tara ƙura, wata rana ta faɗa cikin fanka.

An rufe akwati, an ɗora Windows, mai kaya ya ga hoto ya fito, sai ya fara laluben aljihu. Aiki kuwa da saura. Kowane ɓangare, daga na sauti zuwa na hoto zuwa na intanet, yana buƙatar direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta san yadda za ta yi magana da shi. In babu direban hoto, rubutu ya yi ɓaro-ɓaro, bidiyo ya riƙa tsalle. In babu na intanet, an shiga tsaka mai wuya, domin da intanet ɗin ake sauko da sauran. Shi ya sa ba ka raba mai haɗi da filasha a aljihu, cike da direbobin Realtek da Intel da ya tanada tun kafin ya taɓa sukundireba. Yakan fara da na madabod, sannan na intanet, sannan na hoto daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel. Daga nan ya buɗe jerin na'urorin da ke cikin Windows ya bi su ɗaya-ɗaya, ya tabbatar babu mai ɗauke da 'yar alamar nan ruwan ɗorawa.

A nan amana take shigowa, domin mai kaya ba zai taɓa buɗe wannan jeri ba. Akwai manhajojin da ke alkawarin zuba direbobi duka da dannawa ɗaya, kuma masu gaggawa na son su saboda tsadar data. Wasunsu na shigo da tarkacen talla, wasu su sa direban da bai dace ba, bayan mako biyu kwamfuta ta fara mutuwa da shuɗin allo, mai shagon buga takardu ya bar kwastomomi a tsaye ya sake ɗaukar akwati a Keke Napep zuwa cikin gari. Mai haɗin da ya ɓata rabin awa ya sauko da na asali, ya duba ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogo, ya sa wa mai kaya madannan Hausa don ya iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ, ya cancanci a biya shi ba tare da an ja ciniki ba.

Yanzu wata matsala ta tunkaro sana'ar. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesa, in na Intel ne, daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Gwanjo masu ɗimbin yawa da ke shaguna da makarantu sun girmi wannan sharaɗi, alhali lafiyarsu ƙalau. Ana iya yi wa sharaɗin dabara, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan gyara ba. Linux kuwa tana tafiya sumul a kansu, kuma yawancin direbobi a cikinta suke zuwa, sai ɗan abin da ba a rasa ba wajen firinta da wasu katunan waya-fai. Yaron da ke koyon haɗi a Kaduna yau ya kamata maigidansa ya zaunar da shi ya ɗora Ubuntu ko Linux Mint a kan tsohuwar Dell, ya haɗa ta da firintar shago, ya ga ta buga takarda, kafin a ce an yaye shi.