Gashin ido na kanti da gashin ido na halitta

A wani gidan buki cikin garin Dakoro, an gama yi wa amarya kwalliya, an fito da ita tsakar gida, sai kakarta ta matso ta ƙura mata ido. Bayan ta daɗe tana kallo ta ce: “Ke kishiyata, wannan tsintsiya da aka liƙa miki a ido, ta sharar ɗakin mijin namu ce?” Mata suka yi ta dariya. Amarya ta sunkuyar da kai ta ce: “Haba kaka, ai yayi ne.” Abin da mutane kaɗan suka lura da shi shi ne matsefatar da tsohuwar take rataye da ita a wuya. Da ita take tsige nata gashin idon duk bayan ƴan kwanaki, domin ya lanƙwashe ciki yana sukar ƙwayar ido. Jika tana biyan kuɗi a ƙara mata gashi, kaka tana neman yadda za ta rabu da nata.

Gashin ido na kanti ba a nan aka fara shi ba. A shekarar 1911 wata mace ƴar ƙasar Kanada, Anna Taylor, ta yi rajistar irinsa a Amurka, daga baya masu wasan silima suka yaɗa shi. Yau mafi yawansa ana ƙera shi ne da zaren roba a ƙasar Sin da Indunisiya. Yana biyo hanyar Kano zuwa Maraɗi, daga can ya hau motocin kasuwa ya yi tafiyar kilomita wajen 120 zuwa Dakoro. Hotunan amare da ake gani cikin wayoyin salula su ne suka yi masa talla, har ya zamana ɗiya mace da yawa ba ta jin kwalliyar sallah ta cika sai da shi.

To, kafin a ƙara wa abu tsawo, ya kamata a san aikinsa. Fatar ido ta sama tana ɗauke da gashi kamar 90 zuwa 160, ta ƙasa kuma kamar 75 zuwa 80. Kowane ɗaya yana ƴan watanni sannan ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. Aikinsa shi ne tare ƙura da rage iskar da ke busar da ruwan ido, kuma da zarar wani abu ya taɓa shi sai ido ya ƙifta. A shekarar 2015 masu bincike na wata jami'a a jihar Jojiya ta Amurka sun auna idanun dabbobi iri 22, suka tarar tsawon gashin ido yana kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin idon. Da suka gwada da na'urar hura iska, sai suka ga idan gashin ya wuce wannan awo, maimakon ya kare ido, jawo iska da ƙura yake yi zuwa gare shi. Wanda ya taɓa yin hunturu a kwarin Tarka, inda ƙura take rufe rana tun hantsi, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan wannan.

Amma babbar illa tana cikin gam ɗin da ake liƙawa da shi. Wanda aka yi domin wannan aiki ma yana sa wa wasu mata ƙaiƙayi da kumburi. Ina ga wanda ba a yi shi domin ido ba? Akwai masu kwalliya da ke amfani da baƙin gam na liƙa gashin kai, akwai ma masu ɗauko gam mai saurin kamu, irin wanda ake gyara takalmi da shi, don wai ya fi daɗewa. Ɗigo ɗaya ya isa ya manne fatar ido ta sama da ta ƙasa, ko ya kankare gilashin ido. In haka ta faru, kada a ɓamɓare da ƙarfi. A yi ta zuba ruwa mai tsabta mai ɗan ɗumi, a kai mutum gidan likita ran nan.

Wajen cirewa ma ana ɓarna. Wadda ta fizge na kanti takan haɗa da nata, kuma idan ana maimaita haka saiwar gashin tana raunana, wani wurin ya daɗe bai toho ba. Abin da ya dace shi ne a jiƙa auduga da mai mai tsabta a ɗora bisa gam ɗin har ya saki da kansa. Kada a kwana da shi, kada a ara wa ƙawa. Wadda ta liƙa shi kwana da kwanaki kuwa takan ji tsoron wanke fuska sosai don kada ya ɓalle, sai kwantsa da ƙura su taru a gindinsa, minjirya ta biyo baya. Zancen ko ruwan alwala yana isa ga fata ta ƙarƙashin gam, da hukuncin ƙarin gashi, wannan na malamai ne, kuma ya cancanci a tambaye su.

Mu koma ga tsohuwa da matsefatarta, domin nan ne lamarin ya fi shafar jaharmu. Ciwon da ke lanƙwasa gashin ido shi ne amodari, kuma jahohin Maraɗi da Damagaram da Difa suna cikin inda ya fi yin ta'adi a Nijar. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Tana yawo daga idon yaro zuwa na wani ta hannu, ta gefen zane da uwa take share wa ƴaƴanta fuska da shi, ta kuma ƙudan da ke hayayyafa cikin bayan gidan da aka yi a fili. Kamu ɗaya ba ya makantarwa. Amma idan yaro ya yi ta kamuwa shekara da shekaru, cikin fatar ido yana yin tabo, tabon ya ja fatar ta juya ciki, gashin ya riƙa gogar ƙwayar ido a kowane ƙiftawa, har hakiya ta rufe gani. Mata sun fi maza shiga wannan hali, saboda su ne kullum tare da yara. Tsigewa tana kawo sauƙi na ɗan lokaci kawai. Gashin yana dawowa, wanda ya karye kuwa ya fi mai tsawo kaifi.

A shekarar 1998 babban taron Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ya amince da tsarin yaƙi da amodari mai hanyoyi huɗu: ƙaramin aikin fiɗa ga wanda gashinsa ya juya, raba maganin azitromisin ga jama'a, wanke fuskar yara, da tsabtace gari ta gina salanga da samar da ruwa. Ma'aikatar kiwon lafiya ta ƙasarmu ta bi wannan tsari da taimakon Cibiyar Carter da ƙungiyar Helen Keller. Ƙasar Gana ta samu shaidar kawar da ciwon a 2018, Mali da Benin a 2023. Aikin fiɗar ba ya wuce ƴan mintoci, ana kashe wurin da allura, ma'aikacin lafiya da aka horar yana iya yinsa a likitar karkara, mutum ya koma gida ran nan. Abin da ke hana tsofaffi da yawa zuwa shi ne tsoron wuƙa da rashin wanda zai raka su. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan waɗanda suka yi yaƙi da jahilci a Kornaka, Birnin Lalle, Sabon Mashi da sauran garuruwa: su karanta wa iyayensu, su kama hannunsu zuwa wurin majo.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓa kwalli, wanda tun kaka da kakanni shi ne adon idonmu, har samarin Fulani suna rangaɗa shi a wasan gerewol. Baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa yana ɗauke da dalma, dalma kuwa tana cutar da ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ta shiga jiki. Saboda haka likitoci suke hana sa wa jarirai. Haka nan tsinken kwalli guda da ake bi da shi idon kowa a gida, daga uwargida har jinjiri, hanya ce buɗe ga amodari da apolo. Kowace mace ta riƙe nata tandu da nata tsinke, ta wanke shi da sabulu kafin ta mayar.