Lasifikar Takarda: Abin da Ya Jawo Jama'a Bitar Ƙera Na'urorin Sauti

Cikin shekaru ashirin da suka wuce, wani salon taron bita ya bazu a makarantun fasaha da gidajen tarihi na Turai da Amurka. Akan zube kwali, tef na jan ƙarfe, zare mai ɗaukar wuta, maganaɗisu da batir a kan tebur, kafin la'asar kowa ya tashi da abin da ke fitar da sauti.

Araha ce dalili na farko. Ɗan guntun lantarki mai lamba 555, wanda Hans Camenzind ya tsara a 1971, har yau shi ne zuciyar da dama daga cikin waɗannan na'urori, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sai dai araha kaɗai ba ta tara mutane. Abin da ya fi tasiri, a ganina, shi ne yadda kayan zamani suka zama a rufe ruf. Tsohuwar rediyo ana kwance ta da sukudireba a ga cikinta; wayar hannu kuwa a manne take da gam. Mutane suna kewar taɓa abu su gane yadda yake aiki.

Littafin Nicolas Collins na 2006, Handmade Electronic Music, ya ba masu koyarwa tsari da kuma doka mai kare rai: batir kawai, ban da wutar bango. Daga nan masu ɗinki suka shigo. A 2007 Leah Buechley ta fitar da LilyPad, allon lantarki da ake ɗinkawa a jikin yadi, allura ta maye gurbin dalma. Binciken da ta yi daga baya ya nuna mata ne suka fi yin ayyuka da shi, saɓanin abin da aka saba gani a fagen.

Amfanin ya fi bayyana a lasifikar takarda. Ɗalibi zai nannaɗe jan ƙarfe a kan takarda, ya sa maganaɗisu a ƙarƙashi, ya jona waƙa. Wutar da ke kai-komo a naɗin takan ja shi ta tura shi, takardar ta yi rawa, iska ta ɗauko sautin. Darasin da kan gagari yara a allo, ga shi yatsa na ji. Haka Drawdio na Jay Silver: fensir ne mai kuka, kuma tsawon layin da ka zana shi ke sauya muryarsa, domin baƙin fensir na ɗaukar wuta.

Raunin lamarin shi ne gajarta. Bitar yini ɗaya tana cire tsoro, amma ba ta mai da mutum gwani, kuma da yawa suna bin umarni ne kawai ba tare da sanin dalili ba. Kwatanta da Mingiedi Mawangu na ƙungiyar Konono N°1 a Kinshasa, wanda ya haɗa makirufo da maganaɗisun tsofaffin motoci don kiɗan likembe ya rinjayi hayaniyar titi. Buƙata ce ta sa ya zurfafa.

Zurfafawa kuwa tana son mazauni na dindindin, shi kuma yana son kuɗi. Cibiyar STEIM ta Amsterdam, wadda aka kafa a 1969, inda Michel Waisvisz ya ƙera akwatin sautinsa Kraakdoos da ake kaɗawa da taɓa yatsa, ta rufe a ƙarshen 2020 bayan an yanke mata tallafi. Bitoci sun ƙaru, amma wuraren da mai sha'awa zai koma washegari ya ci gaba sun yi ƙaranci.