Gudun motar ɗaga kaya

Samarin Guci masu zuwa cin rani Damagaram ko Kano sun san motar nan mai ƙaho biyu, wadda ke ɗaga kaya cikin manyan ɗakunan ajiya. Sau da yawa gazuwal take sha, irin wanda matatar SORAZ ta soma tacewa a 2011.

Tana iya gudun kilomita 20 a awa. Amma cikin mutane, kada ta wuce saurin mai tafiya ƙasa. Don mi? Da ƙafafun baya take juyawa, kuma ita kanta takan kai tan 4. In ta sha kwana da gudu, kaya na sama, sai ta kife.

A tsohuwar mota, wani noti ne a famfon mai ke tsai da iyakar gudun inji. A sabuwa, da kwamfuta ake sa iyakar. Wannan aikin makaniki ne. Wasu direbobi na kwance notin don su gama lodi da wuri. Ganganci ne: inji ya lalace, ko ɗan dako ya rasa ƙafa.

Direba, in za ka tafi, sauko da kaya, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa.