Me ya sa famfon dizal ke lalata injin a-kori-kura a Amurka?

Shekaru fiye da 10 ke nan masu manyan motocin a-kori-kura da ke amfani da man dizal a Amurka suna kokawa a kan wata na'ura guda, wato famfon mai samfurin CP4 na kamfanin Bosch na ƙasar Jamus.

Koken nasu bai tsaya ga cewa famfon yana mutuwa ba zato ba tsammani ba. Da yawa daga cikinsu na cewa ko bayan sun karɓo motar daga garejin dillalin kamfani, sai injin ya riƙa kakkarwa, ko ya ƙi tashi da safe, ko kuma ya sake mutuwa a kan hanya bayan 'yan makonni.

Kamfanonin Ford da General Motors sun fara sa wannan famfo a manyan a-kori-kurarsu ne daga samfurin shekarar 2011. Su kuwa motocin Ram masu injin Cummins, sun yi amfani da shi a samfurin 2019 da na 2020.

Yadda famfon ke aiki

Injin dizal ba ya da fulogi irin na injin fetur. Iska ake matsewa a cikin silinda har ta yi zafi, sannan a fesa mata mai, wuta ta kama.

Domin man ya fita kamar hazo ya ƙone sarai, injunan zamani na buƙatar matsi mai tsananin gaske. Famfon CP4 kan kai matsin man zuwa kimanin ba 2,000, wato kusan ninki 900 na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota.

A cikinsa akwai wani ƙarfe mai tozo da ke juyawa, yana tura wata 'yar gargarwa sama da ƙasa dubban lokuta a minti guda. Ba baƙin mai ne ke sa wa waɗannan ƙarafa santsi ba. Man dizal ɗin da famfon ke turawa, shi ne kuma ke hana su gugar juna.

Saboda haka da zarar santsin man ya ragu, ko ruwa ko iska suka shiga, sai ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Wani lokaci gargarwar kan karkace ta daina juyawa, ta koma kankarar tozon kamar zarto.

Abin da ke biyo baya shi ne garin ƙarfe mai ƙyalli. Filtar mai tana gaban famfon ne, ba bayansa ba, don haka babu abin da zai tare wannan gari. Sai ya bi bututu zuwa nozul-nozul, sauran kuma ya bi ragowar man da ke komawa tanki.

Batun santsin mai

A shekarar 2006 Amurka ta rage yawan sinadarin salfa, wato farar wuta, da aka yarda ya kasance a man dizal na motoci, daga kashi 500 cikin miliyan zuwa kashi 15 kacal, domin rage gurɓatar iska.

Ba salfar kanta ce ke sa santsi ba, kamar yadda wasu ke zato. Hanyar da matatun mai ke bi wajen cire ta ce ke tafiya da wasu sinadaran da ke ba man santsi, abin da ya sa ake ƙara masa wasu magunguna kafin ya isa gidan mai.

Ana auna santsin ne ta hanyar goga wani ɗan dunƙulen ƙarfe a kan faifai a cikin man, sannan a auna faɗin tabon da ya fito. Ƙa'idar Turai ba ta yarda tabon ya wuce maikiron 460 ba, ta Amurka kuwa ta yarda har 520.

Bambancin bai wuce kaurin silin gashi ba, amma a kansa ne lauyoyin masu motoci suka kafa hujjarsu, cewa an ɗauko famfon da aka ƙera domin man Turai an sa wa motocin da za su sha man Amurka.

Kamfanonin motocin dai sun musanta hakan a gaban kotu. A gareji kuwa, abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne gurɓataccen mai, ko fetur da aka zuba bisa kuskure, ko kuma ruwan tsabtace hayaƙi da wani ya ɗura a tankin dizal.

Dalilin da gyara ba ya ɗorewa

Idan famfon ya watse, sauya shi kaɗai ba gyara ba ne. Aikin da aka saba yi ya haɗa da sabon famfo, da dukkan nozul, takwas a injin Ford da na General Motors, shida a na Cummins, da manyan bututun da ke raba musu mai, da filtoci. Sannan a sauke tanki a wanke shi, a kuma wanke ko a sauya layukan da mai ke bi ya koma.

Kuɗin wannan aiki kan kai dala 10,000, wani lokaci ma ya haura. Wannan ne ya sa ake samun masu neman a rage, ko dai mai motar ne ko garejin.

Idan aka bar ko da ɗan garin ƙarfe ne a wani lungu na bututu, zai ci gaba da zagayawa har ya isa sababbin kayan. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan cikin nozul 'yan maikiron ne kawai, ƙwaya guda ta isa ta hana shi rufewa.

Nozul ɗin da bai rufe ba kuwa, ambaliyar mai yake yi a silinda. Man zai wanke baƙin man da ke jikin bangon silindar, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa, kuma zafin da ya yi yawa na iya ƙona kan fistin. Ta haka matsalar famfo ke rikiɗa ta zama ta injin ɗungurungum.

Akwai kuma ƙananan kurakurai masu babban tasiri. Kowane sabon nozul yana zuwa da lambarsa, wadda dole a shigar wa kwamfutar motar domin ta san yawan man da yake fitarwa. In ba a yi haka ba, ko aka sa lambar wata silinda a gurbin wata, injin zai riƙa rawa yana hayaƙi.

Haka nan idan bakanike ya tayar da injin kafin ya fitar da iskar da ke cikin layin mai, sabon famfon zai yi juyinsa na farko a bushe, ya ji rauni tun bai bar gareji ba.

A motocin Ford da General Motors, famfon yana can ƙasa tsakanin layuka biyu na silinda, sai an kwance abubuwa da dama kafin a kai gare shi. Wayar da ba ta zauna daidai ba, ko tiyon iskar da ba a ɗaure sosai ba, na iya kunna fitilar gargaɗi, mai mota ya ɗauka tsohuwar cutar ce ta dawo.

Wa zai biya?

Garanti kan ɗauki nauyin lahanin da ya samo asali daga ƙira, amma ba ya ɗaukar ɓarnar da gurɓataccen mai ya yi. Don haka abin da makanikan dillali ke fara yi shi ne ɗibar samfurin man, da kwance bawul ɗin da ke saman famfon su duba. Idan suka ga tsatsa, alamar ruwa ke nan, kuma galibi kuɗin ya koma kan mai mota.

Shi ya sa masu irin waɗannan motoci da dama ke adana rasitin gidan mai da na sauya filta, suna kuma neman a ba su tsofaffin kayan da aka cire da jerin waɗanda aka sa. Wasu kuma kan sayi wata na'ura da ke karkatar da man da ya ratsa cikin famfon zuwa wata filta ta daban, ko su cire CP4 baki ɗaya su sa tsohon samfuri, CP3.

Kamfanonin ma kowanne ya bi tasa hanyar. General Motors ya koma amfani da famfon kamfanin Denso na Japan daga samfurin 2017. A shekarar 2024 ya amince ya biya dala miliyan 50 domin sasanta ƙarar da masu Chevrolet Silverado da GMC Sierra na 2011 zuwa 2016 suka shigar daga jihohi bakwai, ba tare da ya amsa laifi ba, kuma wata kotun tarayya a jihar Michigan ta tabbatar da sulhun a 2025.

A watan Nuwamban 2021, kamfanin da ke ƙera Ram ya sanar da hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, cewa zai yi wa motoci 222,410 kiranye domin sauya musu famfo kyauta, saboda mutuwar injin a tsakiyar tafiya na iya haddasa haɗari.

Shi kuwa Ford, a watan Disamban 2024 ya yi kiranyen motoci 295,449 na samfurin 2020 zuwa 2022, yana cewa dattin tsohon man dizal da ake yi da tsirrai ne ke daskarewa a jikin gargarwar famfon. Maganin da ya bayar shi ne sabunta manhajar kwamfutar injin, ba sauya famfon ba.