Egbin: Tashar Da Ke Riƙe Da Makunnin Wutarmu

A ajin nahawu nakan kafa wa ɗalibaina misali da jimlar nan da kowa ya haddace: "An ɗauke wuta." Jimla ce mai ɓoye wanda ya aikata. To, wa ya ɗauke? Sau da yawa amsar tana can kusa da Ikorodu, a gaɓar ruwan Legas, inda tashar Egbin take.

Wannan tasha ta fara aiki a 1985. Injunanta shida ne, kowane mai ƙarfin megawat 220, wato jimilla 1,320, kuma babu tashar gas da ta kai ta girma a Nijeriya. Ana ƙona gas a tafasa ruwa, tururin ya juya injuna, lantarki ya hau babban layin ƙasa da ke kaiwa har Kano da Sakkwato. Shi kuwa gas ɗin daga Escravos ta Jihar Delta bututu yake kawo shi.

A nan gizo ke saƙa. Ranar 2 ga Janairun 2018 gobara ta tashi a kan wannan bututu kusa da Okada ta Jihar Edo, gas ya yanke wa Egbin da wasu tashoshin, babban layin ya durƙushe. Mai walda a Kaduna, wanda ko sunan Okada bai taɓa ji ba sai dai na babur, ya wayi gari hannu rabbana.

An sayar da mafi yawan hannun jarin tashar ga 'yan kasuwa a 2013, amma ciwon bai warke ba. Kuɗin da ake karɓa daga masu amfani da wuta ba ya isa, tashoshi suna bin bashi, masu gas suna bin tashoshi. Injin lafiyayye sai ya zauna babu abin ƙonawa.

Mu a Arewa muna tinƙaho da Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, amma duka na ruwa ne, kuma gas ne ke samar da kaso mafi tsoka na wutar ƙasar nan. Masana'antun Sharaɗa da Bompai sun ɗanɗana kuɗar wannan nisa. Shi ya sa nake ganin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya cancanci gwamnoninmu su sa masa ido sosai. Sai dai bututu kaɗai ba ya kunna ƙwan fitila. Su riƙa tambaya: wace tasha ce za ta ƙona gas ɗin a nan, kuma wa zai biya kuɗinsa a kan lokaci?