Masu Farautar Kuskure a Jikin Kwabo

Kayan aikin mai farautar kuskure ba su cika aljihu ba: gilashi mai ƙara girman abu sau goma, ɗan sikeli mai auna giram da ɓurɓushinsa, mayen ƙarfe, sai fitila. Idan aka miƙo masa tsohon kwabo, ta gefe yake kama shi da yatsu biyu, don gumin hannu yana barin tabo. Ya karkata shi a ƙarƙashin haske, ya juya, ya sake juyawa. Tambaya ɗaya ce a ransa: wannan aibin tawadar Allah ce da aka haifi kwabon da ita a maƙera, ko rauni ne da ya samu a yawon duniya? Na farko kuɗi ne. Na biyu kuwa ko sisi.

Shi ya sa wanda bai san yadda ake buga sulalla ba, ba shi da hurumi a nan. Faifan ƙarfe ake yankowa, a sa shi tsakanin hatimi biyu, a danne da ƙarfi. Kuskure daga ɗayan ukun nan yake fitowa: faifan, ko hatimin, ko bugun.

Dubi kwabon Amurka na 1955 mai hoton Lincoln. A maƙerar Filadelfiya, zanen ya hau kan hatimi sau biyu ba a saiti ɗaya ba, sai shekarar da haruffan suka fito biyu-biyu, ana gani ko ba gilashi. Kimanin 20,000 suka shiga hannun jama'a, wasu a cikin kwalin taba a matsayin canji. To amma akwai wani ninkin da ke rikita sabon shiga, wanda ke faruwa idan inji ya girgiza lokacin bugu. Shi a shafe yake kamar matakala, na gaske kuwa a tashe yake, ƙarshen kowane harafi a rabe. Wannan ɗan bambancin, ido kan yi shekaru kafin ya iya shi, kuma a ganina nan ne gwanintar take.

Wani lokaci ido ma ba ya isa. A 1943, saboda yaƙi, Amurka ta buga kwabonta da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya, amma 'yan faifan tagulla da suka maƙale a inji suka sha bugu tare da sauran. Ɗaya daga cikinsu an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. 'Yan damfara sukan shafa wa na ƙarfe jan ruwa, ko su kankare 8 ɗin 1948 ta koma 3. Mayen ƙarfe yana tona asirin na farko nan take. Na gaske ba ya mannewa, kuma giram 3.11 yake yi a sikeli.

Mu ma muna da rabonmu a gwangwanayen kakanni. Kwabo da ɗari da anini masu huji, masu tauraro da rubutun Larabci, yawancinsu a Ingila aka bugo su. Ƙaramin H ko KN da ke jiki alamar maƙeru biyu ne na Bamingaham. Akan samu wanda hujinsa ya kauce daga tsakiya, sai mai sana'a ya duba bakin hujin, ko na inji ne ko wani ya huda da ƙusa. Mai sunan Sarki Edward na Takwas, na 1936, ba kuskure ba ne, ko da yake bai cika shekara a gadon sarauta ba, kuma an buga shi da yawa. Wanda ake nema shi ne abin da masu sana'ar ke kira alfadari, wato gaba da baya daga hatimai biyu da ba abokan juna ba: kwabon 1956 ɗauke da sunan Sarki George na Shida wanda ya rasu tun 1952.

Abin da ke sosa mini rai shi ne yadda mutum zai tsinci irin wannan, don murna ya dirje shi da toka da lemun tsami har ya yi ƙyalli. Ƙarƙashin gilashi sai a ga fuskar duk zane-zanen ƙarzuwa, mai saye ya ajiye shi a kan tebur ya tura masa abinsa.